Tuwon Gayya a Murhun 'Yan Aji Biyar

Ana sallame sallar asuba muka ɗaga daga Bebeji, gari bai gama wayewa ba, raɓa ta lulluɓe gilashin mota har sai da direba ya sa tsumma ya goge. Bas ce ta haya, irin wadda ƙofarta ba ta rufuwa sai an yi mata magiya. A ciki akwai ni, da mataimakin shugabar makarantarmu, da 'yan matan aji biyar su goma. A baya kuma murhun yumɓu ne guda huɗu, an naɗe su da tsofaffin buhuna da ciyawa kamar jarirai.

Ku da kuke bibiyata kun san darasin nan nawa na ranar Laraba, wanda nake yawan damun ku da labarinsa. Ba a rubutu a allo. Ɗalibai ne suke duba matsalar da ke damun mutanensu, su zaɓi guda, su raba aiki, su naɗa shugaba, su yi ta fama har su ga abin da zai yiwu. Bana hayaƙin girki suka zaɓa, saboda kusan kowaccensu tana da uwa ko kaka mai jajayen idanu da tari. Suka haƙo yumɓu, suka kwaɓa da ƙaiƙayin shinkafa, suka gina murhu mai baki ɗaya wanda ba ya cin itace sosai, hayaƙinsa kuma kaɗan ne.

Sai dai ba kowa ne yake son darasin ba. Malam Mataimaki, wanda shi ne kuma malamin lissafi, ya daɗe yana cewa wasan ƙasa muke yi, a mayar da lokacin na bitar jarrabawa. Da gardama ta yi tsawo a ɗakin malamai, shugabar makaranta ta yanke hukunci. A kai murhun wani gida na gaske, a dafa abincin gida na gaske, yaran su yi komai da kansu, kada malami ya sa hannu ko baki. Malam zai bi mu ya gani. Idan abin ya yiwu, darasi ya zauna. Idan bai yiwu ba, daga zango mai zuwa an soke shi. Dalilin tafiyar ke nan.

Gidan da aka zaɓa na kawun wata ɗalibata ne mai suna Zulai, a wani ƙauye can bayan Doguwa. Zulai irin yaran nan ce da ake jin muryarsu kafin a ga fuskarsu, kuma ta so ƙwarai a ce ita ce shugabar tafiya. To amma ƙa'idarsu ita ce shugabanci yana zagayawa, kuma wannan karon a kan Saudatu ya faɗo. Saudatu kuwa, idan tana magana sai ka matso ka karkata kunne. Ba zan ɓoye muku ba, da na ji sunanta na yi shakkar za ta iya.

Rana na leƙowa muka isa Kwanar Dangora. Garin nan ba ya jiran kowa ya wartsake. Manyan motoci sun yi layi, masu shayi sun hura wuta, ga rake an jingine shi damin-damin, ga dankali tsibi-tsibi a bakin titi. Rake ya yi araha bana, ƙosai kuwa ya ƙanƙance har sai ka ƙura ido. Muka karya da koko a tsaye. Muna cikin haka direba ya zo da wani abokinsa mai buhun dankali, yana so a ɗora a baya a sauke a Tudun Wada. Ya tambayi Malam, Malam ya nuna ni da baki, ni kuma na nuna Saudatu.

"Wannan 'yar?" in ji direba. "To, Hajiya Shugaba, a taimaka."

Saudatu ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. Kayanmu ƙasa ne, buhu zai danne su."

"A gefe zan sa, 'yata."

"Ka yi haƙuri, Baba."

Bai sake samun wata kalma daga bakinta ba. Ya yi dariya, ya sallami abokinsa, muka karya kwana muka ɗauki hanyar kudu.

Daga nan zuwa Tudun Wada ido ba ya hutawa da kallon albarka. Kaka ta yi, dawa ta sunkuyar da kai, an shanya shinkafa a gefen kwalta tana ƙyalli. A cikin garin injinan casa suna ta ruri, mata suna turara shinkafa a manyan tukwane, hayaƙi ya turnuƙe su. Na ga yaran suna ta kallo ta taga. A nan suka sayi shinkafar da za su dafa wa kansu da rana, bayan Zulai ta yi ciniki har mai shinkafar ya tambaye ta ko a kasuwa aka haife ta.

Sai dajin Falgore. Ni da na tashi da littattafan soyayya a ƙarƙashin matashin kai, duk inda na ga daji da duwatsu sai zuciyata ta fara saƙa labari. Bishiyoyi sun haɗa kai a saman hanya, haske yana zubowa ta tsakaninsu, iska mai sanyi tana shigowa da ƙamshin ɗanyen ganye. A irin wurin nan ne mota take lalacewa a littafi, wani saurayi mai farar shadda ya tsaya ya yi taimako. Mu dai birai muka gani a kan dutse suna kallon mu kamar sun san mu, sai sojoji a shinge, waɗanda suka leƙa baya suka tambayi ko tukwanen fulawa ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tarin itacen sayarwa da muka riƙa wucewa kafin dajin da bayansa. Direba ya ce mu sani, shi ba ya ratsa dajin nan bayan faɗuwar rana, don haka da la'asar zai tayar da mota ko mun gama ko ba mu gama ba.

Bayan Doguwa muka sauka daga kwalta. Ƙasar can ja ce, duwatsu sun kewaye gonakin masara, rafuka suna ratsa hanya ba gada. Kowane rami muka faɗa sai yaran su juya baya gaba ɗaya su yi salati. Da hantsi muka shiga ƙauyen. Muka fara zuwa gaida mai unguwa, Saudatu ta durƙusa ta faɗi abin da ya kawo mu, shi kuma ya sa aka maimaita masa don bai ji ba. Ya sa mana albarka.

A gidan kawun Zulai muka tarar da abin da ba mu yi tsammani ba. Ashe ranar ce aka kira gayyar karyar masara. Maza duk suna gona, matasan unguwa sun taya, kuma da azahar za a kai musu tuwo. Matar kawun, wadda kowa yake kira Gwaggo, ta ce ai shi ke nan, tunda murhu aka kawo, sai a ɗora tuwon gayya a kai. Malam da direba aka shimfiɗa musu tabarma a zaure, aka kawo musu fura, don maza ba sa shiga. Wato duk abin da za a yi a cikin gida, Malam ba zai gani ba. Ni kaɗai ce shaidar kaina.

Da farko komai ya tafi daidai. Yaran suka ajiye murhu a tsakar gida, suka hura wuta da 'yan ƙirare, aka ɗora babbar tukunya. Ruwa ya tafasa da wuri har matan maƙwabta da suka shigo kallo suka fara taɓa baki. Aka yi talge, ya nuna. Zulai tana ta bayani da hannu biyu kamar mai tallar magani. Ni kuwa har na fara tsara yadda zan ba ku labarin nasara.

Gwaggo ta zuba gari, ta gyara ɗaurin zane, ta kama muciya da hannu biyu. Duk wadda ta taɓa tuƙa tuwon masara na mutane da yawa ta san ba aikin lallaɓa ba ne, da ƙarfin kafaɗa ake danna shi a jikin tukunya. Ba ta yi nisa ba muka ji ƙas! Bangon murhun ya tsage daga sama har ƙasa, tukunya ta karkace, rabin tuwon ya malale a ƙasa yana tururi. Allah ya tsare, Gwaggo ta yi tsalle baya, ba wanda ya ƙone.

Sai wata tsohuwa ta ce, "Ayyo! Ashe na dafa shayi ne."

Aka kwashe da dariya, ban da Gwaggo. "Ke Zulai, zo ki kwashe mini tarkacen nan, ku mayar mini da duwatsuna. Mutane suna can cikin rana tun safe, me zan kai musu? Garin da ya rage na tukunya ɗaya ne, injin niƙa kuma sai an tsallake rafi."

Zulai ta fashe da kuka, ta juya kan Saudatu. "Ai ga shi nan! An ba wa kurma shugabanci, a garinmu kuma za a kunyata ni!"

Daga nan duk idanu suka dawo kaina. Ban taɓa jin nauyin ido irin na ranar ba. Kuma abin da ya fi ci mini rai, na ga inda matsalar take, na ga maganinta, kalma kaɗan ce. Malam yana zaure, ba zai taɓa sani ba. Darasin da na yi shekaru ina roƙo a ba ni yana kwance a ƙasa tare da tuwon. Amma na tambayi kaina, idan na faɗa, me na ceto? Sunan darasin ne kawai zai rage a jadawali, abin da ke cikinsa ya tafi. Na ja jiki na koma gindin rumbu na zauna, na cusa gefen mayafina a baki.

Saudatu ta daɗe tana kallon fasasshen murhun. Sannan ta kira sauran gefe, suka yi ƙus-ƙus, na ga suna gyaɗa kai. Ta ɗauko ƙullin shinkafarsu, ta je gaban Gwaggo ta durƙusa.

"Gwaggo, laifinmu ne, ki yafe mana. Ga shinkafarmu ta rana, a ɗora ta yanzu a kan duwatsunki, ko me ya faru masu aiki ba za su rasa abin ci ba. Garin da ya rage kuma ki ba mu aron sa sau ɗaya."

"Ku kuma ku ci me?"

"Mun sha koko."

Gwaggo ta harare ta sama da ƙasa. "Ke 'yar gidan wa ce?" Ba ta jira amsa ba ta karɓi shinkafar. "Sau ɗaya. In kuka zubar, da muciyar nan zan raka ku mota."

Saudatu ta koma wurin 'yan uwanta. A karo na farko na ji muryarta daga nesa. "Wace ce take tuƙa tuwo a gidansu?" Duk suka ɗaga hannu, har Zulai da ke sharar hawaye. "To me ya sa ba mu taɓa tuƙawa a kan wannan ba?"

Gaskiya ce mai ban haushi. Sun gwada murhun a makaranta ba adadi, amma kullum da ruwan zafi ne ko taliya, suna duba saurin tafasa da yawan itace. Sun yi shi dogo, siriri, mai kyan gani, irin wanda za a nuna wa baƙi. Yaran da tun suna ƙanana suke riƙe muciya, ba wadda ta tuna da ita.

"Ai a makaranta ne," in ji Zulai a sanyaye. "Wa zai kawo zancen tuwo a aji?"

Saudatu ta sa aka ɗora tukunya ba komai a kan murhu na biyu, ta miƙa wa Zulai muciya. "Ke kin fi mu ƙarfi. Tuƙa kamar a gida, a hankali, mu ga inda yake motsi." Zulai ta tuƙa iska, sauran suka tsugunna suka dafa jikin murhun. Nan take suka ji inda ƙarfin yake bugawa, can sama, ɓangaren da ke nesa da mai tuƙi. Wata ta ce a ɗaure shi da waya, wata ta ce a riƙe da hannu, aka yi ta musu. Wata 'yar siririya da ba ta cika magana ba ta ce, "In ya yi tsawo, a binne shi mana." Saudatu ta nuna ta da yatsa. "Shi za mu yi."

Suka ari fartanya da diga. Suka haƙa rami daidai gindin murhun, suka zura shi har rabi, suka mayar da ƙasa suka daddanna da taɓarya. Suka kawo duwatsu suka tokare ɓangaren da ke motsi. Ta gaban bakin kuma suka yi 'yar hanya gangare don itace ya shiga. Fararen hijabai suka koma jajaye. Da aka hura wuta sai ta ƙi ci, hayaƙi ya turnuƙe, tsohuwar nan ta ce yau dai za a ga ƙarshen boko. Rana ta take tsaka, daga zaure direba ya aiko a tuna mana da la'asar. Saudatu ta kwanta rubda-ciki ta leƙa bakin murhun, ta taso da toka a goshi ta ce iska ce ba ta samun hanya. Suka faɗaɗa ramin gaban. Wuta ta ja numfashi, ta kama.

Da aka zo tuƙi, Gwaggo ba ta raga masa ba. Ina ganin ma da gangan ta ƙara ƙarfi. Ta danna, ta juya, ta maka, har gumi ya jiƙa mata wuya. Tukunya ko gezau. Ni dai ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Da ta rufe tuwon don ya turara, sai ta tsaya ta shafa idonta da bayan hannu, ta duba hannun, ba ɗigon hawayen hayaƙi. Ta kalli itacen da aka tara mata, mafi yawansa yana nan.

"Ba laifi," in ji ta. Can kuma ta ƙara da cewa, "Sauran biyun kada wanda ya taɓa, ɗaya na ƙanwata ne."

Nan fa gardama ta tashi tsakanin matan a kan na ƙarshen, har tsohuwar mai zancen shayi ta ce ita ta riga kowa shigowa gidan.

Aka kwashe tuwo malmala-malmala, aka zuba miyar ɗanyar kuɓewa, aka ɗauka zuwa gona tare da shinkafar. Gwaggo ta hana yaran tashi sai da suka ci. Aka kai wa su Malam nasu kwanon. A raina na ce shi ke nan, tuwo ya fita, ya isa hujja, sauran zance ya tsaya a cikin gida.

Sai na ga Saudatu tana tsince gutsattsarin murhun farko tana zubawa a faranti. Ta nufi zaure, na bi ta a baya. Ta durƙusa ta ajiye farantin kusa da kwanon tuwon, ta faɗa wa Malam komai, yadda ya fashe, da garin da aka yi asara, da kuskuren da suka yi tun a makaranta.

Malam ya ɗauki gutsure ɗaya yana jujjuyawa. "Na ji ƙarar. Malamarku me ta ce muku?"

"Ba ta ce komai ba, Malam. Mayafinta kawai ta yi ta tauna."

Direba ya ƙware da dariya. Malam bai yi ba. Ya ajiye gutsuren, ya ci gaba da cin tuwonsa, bai ce ya yi ba, bai ce bai yi ba.

Muna idar da la'asar muka kamo hanya. Gwaggo ta cika mana mota da ɗanyar masara, ta ja kunnen Zulai a kan ta riƙa sassauta baki. Muka ratsa dajin da sauran rana, hasken yamma ya mayar da kan duwatsu kamar an shafa musu zinariya, amma wannan karon ban saƙa labarin kowa ba, hankalina yana kan ƙeyar Malam. Yaran suka yi ta gyangyaɗi, Zulai ta ɗora kai a kafaɗar Saudatu. Sai da muka wuce Tudun Wada ya juyo.

"Ke Saudatu. Ba kowane gida za ku bi kuna haƙa rami ba. Tsayin murhun da faɗin gindinsa ne ba su daidaita ba, kuma wannan lissafi ne. Zango mai zuwa, ranar Laraba ta farko, ku zo mini da ma'auninsa."

Ya mayar da kai gaba. Na juya fuskata ga taga don kada yara su ga idona. Washegari Malam ya shiga ofishin shugaba, ya fito, darasin Laraba yana nan.

An yi magariba muka shigo Bebeji, jiki duk ciwo, tufafi duk jar ƙasa. Abin da na dawo da shi daga tafiyar nan guda biyu ne. Na farko, shirun malami wani lokaci shi ne aikin da ya fi kowane wuya, kuma na ƙudura zan ci gaba da koyon sa. Na biyu, yaranmu suna ajiye rabin iliminsu a ƙofar makaranta su shigo da rabi, don mun sa sun ɗauka abin da suka iya a gida ba ilimi ba ne. Wannan ƙofar nake so in buɗe, ko zai ɗauke ni shekara nawa.

Sun riga sun fara shirin sabon murhu. Shugabanci ya zagayo kan Zulai, kuma abin da ta fara aikowa a nema, kafin yumɓu, kafin ƙaiƙayi, garin tuwo ne da muciya.